Gumin Kuza: Yadda Kakanninmu Suka Kafa Kansu a Jos

Duk wanda ya tashi a Gangare ya ji tsofaffi na cewa kuza ce ta kawo mu garin nan. Gaskiya ne, sai dai ba Bature ne ya koya wa Bahaushe dalma ba. Tun kafin zuwansu, mutanen Ririwai a ƙasar Kano suna haƙar kuza, su narka ta, fatake su ɗauka su kai kasuwanni. Wannan dalmar da Turawa suka riƙa gani a hannun fatake ita ta sa suka bi sawunta har tsaunukan nan a farkon shekarun 1900, suka kafa sansani a Naraguta.

Daga nan mutane suka fara kwararowa daga Kano, Zariya, Bauchi, Katsina da Barno. Da yawansu neman kuɗin haraji ko na aure ya fito da su, da niyyar su yi rani ɗaya su koma. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos, a 1927 kuma babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso ta Kafanchan. Garin ya cika, unguwanninmu na gefen kogin Dilimi suka bunƙasa.

Aikin kuwa ba na rago ba ne. Diga da shebur da kwanon sarki, mutum yana cikin rami tun asuba, ƙafa cikin ruwa, ga sanyin Jos, ga heluma a tsaye a kansa. Mu da muke ƙorafin sanyin Disamba cikin rigar sanyi biyu, sai mu auna.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi wa tarihi adalci, domin ana yawan gaya wa yaranmu cewa wahala kawai ita ke kai mutum ga buri. To, wa ya kai leburan kuza wahala? Amma ribar guminsu Ingila ta tafi, aljihun kamfanoni irin su ATMN. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya a yaƙin duniya na biyu, Turawa suka rasa kuzar can, sai suka ɗora wa lardunan Arewa aikin tilas, wanda tsofaffi ke kira diban gwamna. Aka kwaso dubban talakawa daga ƙauyuka har zuwa 1944, da yawa suka rasu saboda sanyi da yunwa da cuta. Allah Ya jiƙansu. Su ma sun yi aiki tuƙuru, ba su tsira da komai ba.

Waɗanda suka kafu su ne waɗanda suka ɗauki rami a matsayin mataki. Mutum ya daure ya tara 'yan sulallansa, ya shiga adashe, ya sayi kayan koli yana zagaya barikokin kuza ranar biya. Wani ya koma fawa, wani ɗinki, wani ya riƙa sayo hatsi da shanu daga Arewa tunda ma'aikata dole su ci. Matan gida ma ba su zauna ba: tuwo, ƙosai da fura da suke aikawa bakin aiki sun gina ɗakuna da dama a unguwar nan, ko da yake ba a cika faɗa ba. Sannan ga maigida, wanda zai saukar da baƙo, ya riƙe shi yaron shago shekaru, in ya ga amanarsa ya yanka masa jari. Wannan riƙon shi ne abin da muke ganin ya fi yin rauni a yau, kuma laifin ba na yara kaɗai ba ne. Mu masu shaguna, yara nawa muka sallama da jari a shekaru goman nan?

Hikimar barin rami ta fito fili a 1985, lokacin da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Kamfanoni suka tattara, suka bar wa Filato kududdufai. Gidajen da suka riga suka koma kasuwa da tuƙin mota da sana'ar hannu ba su girgiza sosai ba.

Jarrabawar zamaninmu ta zo ta wata fuska. Rikicin Satumba 2001, sai gobarar babbar kasuwar Terminus a Fabrairun 2002, wadda ta cinye jarin shekaru a dare guda, sai kuma 2008 da 2010. Mun ga dattawan da suka taɓa riƙe shaguna sun shimfiɗa buhu a bakin titi sun sake farawa daga tireda. Wasu sun farfaɗo, wasu har suka koma ga Allah ba su dawo daidai ba.

Yanzu kuza ta sake yin daraja, samari na komawa tsofaffin ramuka a wajen Bukuru da Barkin Ladi, da irin diga da shebur ɗin da kakanni suka ajiye. Ramukan na ruftawa da mutane, masu saye kuma su ke yanka farashi.