Masu Kaɗin Zaren Rai

Girkawan zamanin da, tun kafin addinin Annabi Isa (A.S.) ya iso ƙasarsu, mutane ne masu bautar gumaka barkatai. Teku da nata abin bauta, yaƙi da nasa, kai har giya sai da suka naɗa mata sarki. To amma da aka zo kan maganar rai da ajali, wadda ta fi komai nauyi, ba su damƙa ta ga wani ƙato mai takobi ba. Sai suka miƙa ta ga waɗansu tsofaffin mata uku masu kaɗi.

Kafin in yi nisa, mai karatu, bari in share hanya. Mu Musulmi mun yi imani cewa ƙaddara ta Allah ce Shi kaɗai, mai daɗi da marar daɗi, kuma yarda da ita na cikin shika-shikan imani shida. Labarin matan nan ƙanzon kurege ne na maguzawan Turai. Sai dai ko a tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi akan gane halin mutanen da suka ƙaga ta, da abin da yake ba su tsoro.

Suna kiran matan Moirai, tilonsu moira. Ma'anar kalmar a harshensu ita ce kason da mutum yake samu in an raba nama ko ganima, wato dai rabo, kamar yadda muke cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wani mawaƙinsu mai suna Hesiyod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya ambaci sunayensu. Ta farko Kuloto, ita ke kaɗa zaren ran mutum. Ta biyu Lakesis, ita ke auna wa kowa tsawon nasa. Ta uku Atarofos, ma'anar sunanta wadda ba a juya ta, ita ke tsinke shi. Hesiyod ɗin ma bai tsaya a magana ɗaya ba game da asalinsu: a wani wuri ya ce Dare ce ta haife su ba uba, can gaba a waƙa ɗayar kuma ya ce 'ya'yan Ziyus ne, babban gunkinsu. Rumawa da suka ari labarin sai suka sa musu suna Nona da Desima da Morta. Har yau akwai maganin da likitocin ido ke ɗigawa mai suna atirofin, daga sunan ta ukun aka samo sunan tsiron da ake haɗa shi.

Duk macen da ta taɓa zama kusa da tsohuwa tana kaɗi a Anka ko Gummi ba za ta yi mamakin wannan zaɓi na Girkawa ba. A gurje auduga a fid da angurya, a shiɓe ta, sannan a dangwali alli a yatsa a murza mazari a cikin taskira. Zaren yana fitowa sannu a hankali daga abin da ba shi da kai ba shi da gindi, wani wuri kauri wani wuri siriri, kuma ana cikin hira sai ka ji ya tsinke ba sallama. Matan Girka ma haka suke wuni a cikin gida suna kaɗa gashin tumaki. Kuma mata ne ke karɓar haihuwa, su ne ke zama a kan gawa suna kuka. Wanda ya ga shigowa ya ga fita, ai dole a zaci ya san abin da ke tsakani.

Sun ce ko Ziyus da kansa yana shakkar hukuncinsu. A labarin yaƙin birnin Taroyi, ya so ya tsamo ɗansa Sarfedon daga mutuwa, matarsa Hera ta ja masa kunne cewa in ya yi haka kowane gunki sai ya tsamo nasa. Haka ya haƙura yana kallo aka kashe ɗan.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata sarauniya Altiya da ɗanta Meliyaga. Ranar da jaririn ya kwana bakwai, wato daidai ranar da mu muke yanka ragon suna, sai matan uku suka bayyana a ɗakin maijego. Suka nuna wani itace da ke ci a murhu, suka ce ran yaron nan yana ƙarewa ne sa'ad da itacen nan ya ƙone ƙurmus. Uwar ba ta tsaya kuka ba. Wuf ta zabura ta fizge itacen, ta kashe wutar, ta kulle shi a akwati. Yaro ya girma ya zama jarumi, mashi ba ya kama shi. Ana nan sai aka fita farautar wani ƙaton alhanzir da ya addabi gari, rigima ta tashi a kan fatarsa, domin Meliyaga ya ba wata budurwa mafarauciya da yake so, kawunnansa suka ce ba su yarda ba. Zuciya ta ɗebe shi ya kashe su. Da labari ya iske Altiya cewa ɗanta ya kashe 'yan'uwanta na ciki ɗaya, sai ta buɗe akwatin nan ta jefa itacen a wuta da hannunta. Yana gama ci, ɗan ya cika. Daga baya ita ma baƙin ciki ya sa ta rataye kanta.

Duba da kyau, 'yar'uwa. Matan uku sun faɗi magana kawai suka tafi. Hannun da ya tsamo itacen na uwa ne, hannun da ya mayar da shi ma nata ne. Ni a ganina su kansu Girkawan sun san cewa cikin abin da ake kira ajali akwai mai yawa da yake bi ta hannun mutane.

Kada kuma mu yi saurin yi musu dariya, don mu ma kakanninmu sun ɗora irin wannan nauyi a kan mace. A cikin iskokin bori akwai Inna, wadda waɗansu ke kira Doguwa, ana cewa ita ke ba da albarkar gona, ita ke kuma shanye wanda ya saɓa mata. A Gobir har sarauta ce, 'yar gidan sarki ake naɗawa Inna ta shugabanci 'yan bori. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadin 1804, yana yaƙar irin waɗannan al'adu, bayansa 'yarsa Nana Asma'u ta ci gaba da jan mata daga bori ta hanyar 'yan taru. Duk da haka sunan bai fita daga bakinmu ba. In ƙafar yaro ta shanye, har gobe shan'inna muke cewa, wai Inna ce ta sha. Alhali kuwa ƙwayar cuta ce da ke bin kashi da gurɓataccen ruwa, kuma ɗigo biyu a baki ke tare ta. Da aka dage da ɗigon, a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Yara nawa suka ja gindi a ƙasa kafin nan, iyayensu na cewa haka aka rubuta musu?

Wannan ya kawo ni ga abin da ya faru a ƙofar gidanmu. A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a waɗansu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba wanda ya kula. Sai kuma yara ƙanana suka shiga amai da jijjiga da sanƙarewa, yau a binne na wannan gida, gobe na wancan. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce iska ce, mafi yawa suka ce kwana ne ya ƙare. A watan Maris na shekarar, likitocin ƙungiyar MSF da suka shigo bin sawun sanƙarau suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, kuma maganin zazzaɓi ya ƙi ci. Da aka auna jini sai aka tarar dalma ce.

Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, maza suka bar gona suka shiga rami. Duwatsun da suke haƙowa cike suke da dalma. Aka riƙa kawo su cikin gida, ana farfasawa, ana dakawa, ana niƙawa, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Mata da yawa su suka yi dakan nan a turmi don samun na sabulu da na kayan ɗakin 'ya'yansu, ba su san abin da ke cikin ƙurar ba. Allah Sarki! Binciken da aka yi a Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. A jimlace an ƙiyasta yara aƙalla 400 ne suka tafi a yankin.

Ban ce kada uwar da ta rasa ɗa ta yi tawakkali ba. Wallahi in ba don shi ba da waɗansu sun zauce. Abin da nake ƙi shi ne a mai da kalmar ƙaddara murfin rufe tambaya, musamman in ta fito daga bakin wanda alhakin ke wuyansa. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya ji annoba ta ɓarke can, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wa zai ce ya fi Umar imani?

A ƙauyukan da aka fara aiki da wuri, an bi gida gida an kankare ƙasar tsakar gida an kwashe, an zuba sabuwa, an fitar da injinan niƙa bayan gari, sannan aka ba yara maganin da ke wanke dalma daga jini. Mutuwar ta ja baya ƙwarai cikin 'yan watanni. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe ƙasar, domin likitoci sun ce ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. Kusan shekara uku yaran Bagega suna wasa a wannan ƙasa, takardar kuɗin tana kan tebur a Abuja.

Waɗanda suka tsira a wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata. Dalma ba ta barin ƙwaƙwalwar yaro yadda ta same ta, don haka akwai waɗanda suka tashi karatu ba ya zama a kansu, akwai waɗanda ido ko gaɓa ta tafi, iyayensu mata ne ke ɗawainiya da su har yau.