Na'urar tsotse laima: yadda za ka zaɓi ƙarama don ɗakin tafi-da-gidanka

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wani ƙaramin ɗaki mai tayoyi da ake ɗaura wa mota ta ja shi. A cikinsa akwai gado da wurin girki, wani ma har da makewayi. Shi ne tafi-da-gidanka. A nan Nijar ba kasafai ake ganinsa ba, amma muna da danginsa: motar asibiti mai zagaya ƙauyuka, da kwantenar da aka mayar shago ko wurin kwana, da makwancin direba a babbar mota mai zuwa Kotonu ko Lome. Dukansu ƙananan ɗakuna ne a rufe, kuma ciwonsu ɗaya: laima.

Laima ruwa ce da ke cikin iska, ido ba ya ganinta. Mutum ɗaya idan ya kwana, numfashinsa da zufarsa suna zuba wa iska kusan sulusin lita. Kilo 1 na gaz idan ya ƙone a girki, yana fitar da ruwa kamar lita 1 da rabi. A babban ɗaki wannan ba kome ba ne. A ƙaramin ɗaki kuwa, da asuba za ka ga raɓa a gilashi da bango. Daga nan sai fumfuna a katifa da tufafi, sai tsatsa, takardu su yi laushi, mai ciwon asma ya ƙara wahala.

Kafin ka fitar da kuɗinka, auna. Akwai ƙaramin ma'aunin laima mai kama da agogo, ba shi da tsada. Idan yana nuna 40 zuwa 60 cikin 100, ɗakinka lafiya lau yake. Idan ya daɗe a sama da 60, fumfuna ta samu gida. A hunturu da farkon bazara iskar Maraɗi, Damagaram da Tawa a bushe take, don haka ba ka bukatar wata na'ura. Watannin Yuli, Agusta da Satumba ne abin lura. A bakin teku kuwa, kamar Kotonu, laima ba ta cika sauka ba kusan duk shekara.

Na'urorin iri uku ne. Ta farko ƴar ƙarama ce, ba ta da ƙara, tana cin wat 20 zuwa 70. Arharta ce take jan mutane. Amma ruwan da take tarawa a yini bai cika wuce rabin lita ba. Ka tuna lissafinmu: mutum biyu da suka kwana sun fi ƙarfinta tun kafin a ɗora tukunya. A ganina ta dace da akwatin kaya ko ɗakin da ba kowa a ciki, ban da wurin kwana.

Ta biyu tana da inji irin na firiji. Tana jawo iska ta bi da ita kan bututu mai sanyi, ruwan ya taru ya ɗiga a mazubi, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi take yin gumi a waje. Ƙaramarta tana cin wat 200 ko sama kaɗan, kuma a jikinta za ka ga an rubuta lita 10 ko 12 a yini. Kada ka ɗauki lambar nan a yadda take. Yawanci an auna ta ne a zafin digiri 30 da laima 80 cikin 100. Idan iska ba ta kai haka ba, abin da za ta tara bai kai haka ba. Duk da haka ita ce ta dace da ƙasa mai zafi.

Ta uku an yi ta ne don ƙasashen sanyi. Tana cin wuta da yawa, tana kuma ɗumama ɗaki. Bar wa Turawa ita.

Yanzu sai maganar wuta, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Batirin mota mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da wutar da za ta juya na'ura mai wat 200 kamar awa 6 a lissafi. Amma irin wannan batir ba a shanye shi duka, rabi ake ɗiba don kada ya lalace. Ka ga awa 3 ke nan, kuma sai ka haɗa da abin da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Idan ba za ka riƙa tsayawa inda akwai lantarki ba, ko ba ka da isasshen faifan hasken rana, sake shawara. Ka kuma duba takardar da ke bayan na'urar. Kayan da aka yi don Amurka na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 220 ce. Idan ka jona kai tsaye, ta ƙone. Su kuma ba da lita suke rubutawa ba, da wani ma'auni ne nasu da bai kai rabin lita ba.

Nemi wadda take kashe kanta idan mazubi ya cika, mai kafar da za a saka tiyo ruwan ya fita waje. Kafin mota ta tashi, zubar da ruwan, ka ɗaure na'urar a tsaye. Idan ta yi tafiya a kwance, bar ta a tsaye wasu awoyi kafin ka kunna. Tana aiki, rufe ƙofa da tagogi. Amma lokacin girki da gaz, buɗe su, domin na'urar ba ta kawar da iska mai guba. Ruwan da ta tara ba na sha ba ne, yi shara da shi.