Ina Jirgin Zai Tsaya? Layin Dogo da Tsakiyar Birnin Damagaram

Ko taku ɗaya na layin dogo babu a duk faɗin jahar Damagaram, saboda haka wani zai ce yin magana a kan shigar da jirgin ƙasa cikin gari riga malam masallaci ne. A ganina yanzu ne lokacin maganar. Wurin da tasha za ta zauna ana yanke shi ne shekaru kafin a ji kukan jirgi, kuma idan aka yanke shi a karkace, ba ya gyaruwa sai an rushe gidajen mutane.

A watan Fabrairun 2021 gwamnatin Najeriya ta aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Layin zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Duk wanda ya dubi taswira zai ga cewa daga Daura, hanyar Matamai ta miƙe ne zuwa Damagaram. In har wata rana aka ja reshe, ta nan zai fito.

Tarihi ya riga ya nuna mana abin da layin dogo ke yi wa gari ko da bai shige shi ba. Da jirgi ya iso Kano a 1911, fataucin Sahara da ya ɗaukaka Damagaram a zamanin Sarki Tanimu ya ƙarasa durƙushewa, gyaɗar ƙasar nan ta koma gangarawa kudu a kan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci. A 1926 Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram zuwa Yamai. A Kanon ma, Turawa ba su kai tashar cikin ganuwa ba. Sun ajiye ta a waje, kusa da kantunansu, domin kayan fitarwa aka shimfiɗa wa layin, ba mutumin kasuwar Kurmi ba. Sai gari ya tashi ya bi tasha.

Wannan ɗabi'a ta ajiye tasha a bayan gari ba ta tafi da Turawa ba. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana tashi ne daga Idu ya sauke a Rigasa, duka biyun nesa da inda jama'a ke da buƙata. Sai da aka yi wani jirgin na cikin birni a 2018 don haɗa Idu da tsakiyar Abuja da filin jirgin sama, shi ma ya tsaya cak a 2020, bai dawo ba sai 2024. Dakar ta bi wata hanya dabam. Jirginta na TER, wanda ya fara aiki a Disambar 2021 a kan kilomita 36 zuwa Diamniadio, tsohuwar tashar cikin gari aka gyara masa, fasinja na sauka ya taka da ƙafa zuwa wurin aikinsa. Dakar ta iya yin haka ne saboda filin tsohon layin yana nan.

Injiniyoyi suna da hujjarsu: fili a bayan gari ya fi araha, babu diyya mai yawa, babu mahaɗar tituna. Gaskiya ne. Amma kuɗin da gwamnati ta tsira da shi ranar gini, fasinja ne ke biyansa kullum, kuma ba kowane fasinja ke biya daidai ba.

A ɗauki mutumin Dakusa, a arewa da birnin Damagaram, wanda ke sammakon Kasuwar Dole ranar Alhamis. Yana da buhun gero biyu, da kwandon kaji, ga akuya ɗaure da igiya a hannun yaronsa. Motar kasuwa, duk da cunkosonta da tsayawarta a kowane ƙauye, tana sauke shi a bakin kasuwa. In jirgi ya ajiye shi a wata tasha can bayan gari, sai ya biya ɗan dako ya sauke, ya yi ciniki da mai adaidaita, ya sake biyan mai kura a ƙofar kasuwa, kafin ya zauna ƴan sari sun gama sayen na safe. Ma'aikacin da ke riƙe da jakar takardu ba ruwansa, kabu-kabu zai hau. Tashar bayan gari haraji ce a kan mai kaya, kuma mutumin Dakusa ba zai biya ta sau biyu ba. Zai koma motarsa, a bar jirgi da kujeru.

To amma ina ne tsakiyar Damagaram? Nan ne nake rabuwa da masu son a kai komai ƙofar fada. Tun asali garin biyu ne: Birni, mazaunin sarauta, da Zango, masaukin fatake. Birni unguwa ce ta lunguna da gidajen ƙasa masu zane a goshi, da manyan duwatsu da ragowar ganuwa, kuma tun 2006 Nijar ta sa ta cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Jijjigar jirgi kaɗai ta isa ta tsaga katangar ƙasa. Cibiyar da jirgin fasinja ke nema ita ce inda ƙafa ta fi yawa, wato kasuwa, da tashoshin mota, da babban asibiti. Magabata sun riga sun raba wannan aiki: baƙo da kayansa Zango suke sauka.

Akwai suka mai nauyi da ba zan kauce mata ba. Ƙidayar 2012 ta ba birnin da kewayensa mutum dubu 300 da ɗoriya. Jirgin kai-da-kawo yana rayuwa ne da taragon da ke cika safe da yamma kowace rana, cinikin Alhamis kaɗai ba zai riƙe shi ba. Ga kuma darasin Yamai: kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, layin ya ratsa cikin babban birnin, aka gina tasha, aka yi biki, amma jigila ba ta kankama ba, domin ba a haɗa shi da Parakou a Benin ba. Shiga tsakiyar gari ba ta da amfani idan ɗaya bakin layin bai je ko'ina ba. Don haka ban ce a ciyo bashi gobe a sayo jirgin cikin gari ba. Abin da zai iya biyan kuɗin layi a nan kaya ne, musamman man matatar SORAZ da ta fara aiki a 2011 a kan hanyar Tanut, mai tace ganga dubu 20 a rana. Layin da zai ɗauko wannan mai zuwa kudu ta arewacin birnin zai bi, kuma a kansa ne taragon fasinjan ƙauyukan Dakusa zai samu abin maƙalewa. Tankokin mai su zagaye gari, reshen fasinja ya shigo.

Wannan reshe shi ne abin da ya kamata hukumar birni ta shata tun yau, ta sa shi a taswirar gari, ta hana yanka filaye a kansa, tare da shawarar fada da masu gonaki don kada diyya ta zama rigima. Kafin jirgi ya zo, motocin bas na iya bin hanyar. A kuma shata ta da faɗin layin Kano zuwa Maraɗi, milimita 1,435, ba milimita 1,000 na layin Doso ba, tunda ta Daura ake sa ran jirgin.