Tsibiran Komoros: Yadda ake fito tsakanin tsibirai huɗu masu tuta biyu

Komoros rukunin tsibirai ne a Tekun Indiya, tsakanin gaɓar Mozambik da Madagaska. Manyan su huɗu ne: Ngazija, inda babban birnin Moroni yake, da Anjuwan da Moheli da Mayot. Ukun farko su ne ƙasar Tarayyar Komoros, Mayot kuwa tana hannun Faransa. Mutanen tsibiran galibinsu Musulmi ne, harsunansu 'yan uwan juna ne, kuma auratayya da fatauci sun daɗe da haɗa su. Jirgin ruwa shi ne abin hawan talaka a tsakaninsu.

Ƙirar ƙasa da tashoshi

Aman wuta daga ƙarƙashin teku ne ya samar da tsibiran gaba ɗaya. Ngazija ce ƙarama a shekaru, kuma dutsenta na Kartala, mai tsayin mita 2,361, bai mutu ba: ya yi aman wuta sau biyu a 2005. Gaɓarta baƙin dutse ce mai kaifi, wuraren da jirgi zai fake kaɗan ne. Tashar Moroni ba ta da zurfi, don haka manyan jirage kan tsaya nesa da gaɓa, ƙanana su riƙa kwaso kaya. Tasha mai zurfi tana Mutsamudu, a Anjuwan. Masu zuwa Moheli da yawa kan hau ƙananan kwalekwale masu inji daga Shindini, a kudancin Ngazija.

Iska ma tana da nata hukuncin. Daga Mayu zuwa Oktoba iskar kudu da ake kira Kusi kan tayar da igiyar ruwa, daga Nuwamba zuwa Afrilu kuwa lokacin Kashkazi ne, na ruwan sama da guguwa. A Maris 2004 guguwar Gafilo ta nutsar da jirgin fito na Samson a hanyarsa daga Komoros zuwa Madagaska, mutum fiye da 100 suka rasu. A Agusta 2011 jirgin Majiriha ya kife bayan ya bar Moroni zuwa Anjuwan, aka rasa fiye da mutum 50.

Yadda iyaka ta ratsa teku

A ƙuri'ar raba gardama ta Disamba 1974, kusan kashi 95 cikin 100 na masu zaɓe a tsibiran suka zaɓi 'yancin kai, amma a Mayot mafi rinjaye suka ƙi. Ahmed Abdallah ya ayyana 'yancin ƙasar ranar 6 ga Yuli 1975, kuma a Nuwamban shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Komoros a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu. Faransa ta ƙirga ƙuri'un tsibiri-tsibiri, ta riƙe Mayot. A 2011 Mayot ta zama lardi na 101 na Faransa, a 2014 kuma ta shiga cikin yankunan Tarayyar Turai. Har yau gwamnatin Moroni tana cewa tsibirin nata ne.

Duk da wannan rabuwar, mutane sun ci gaba da kai da komo ba tare da biza ba har Janairu 1995, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Edouard Balladur ta wajabta wa 'yan Komoros biza kafin shiga Mayot. Daga nan mai zuwa ganin dangi ko neman magani ya koma baƙon haure a idon doka.

Kwasa-kwasa

Tsakanin Anjuwan da Mayot kimanin kilomita 70 ne. Wanda bai samu biza ba yakan biya masu kwasa-kwasa, wato ƙananan kwalekwalen kamun kifi masu inji, waɗanda ake cika su maƙil, a tashi da dare don guje wa jiragen sintiri. Abin da ke jan mutane a bayyane yake: asibiti da makaranta da albashin Mayot sun fi na sauran tsibiran nesa ba kusa ba, ko da yake ita ce mafi talauci a lardunan Faransa. Wani rahoton Majalisar Dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 7,000 zuwa 10,000 sun mutu a wannan mashigi tun daga 1995. A Nuwamba 2024 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ba da labarin mutuwar aƙalla mutum 25 a kifewar kwalekwale guda.

Jirgin fito a fagen siyasa

Jirgin fasinja na halal da ke haɗa Mayot da Anjuwan shi ne kuma wanda Faransa ke mayar da waɗanda ta kora a cikinsa, dubbai a kowace shekara. A Afrilu 2023, da Faransa ta ƙaddamar da samamen Wuambushu na rusa unguwannin marasa galihu da korar baƙi, hukumomin Komoros sun hana jirgin Maria Galanta tsayawa a Mutsamudu, ya juya da mutanen da ya ɗauko. A lokacin Shugaba Azali Assoumani ne ke riƙe da shugabancin Tarayyar Afirka. Bayan ya gana da Shugaba Emmanuel Macron a Paris cikin watan Mayu, jigilar ta dawo, kuma dokar biza ta 1995 tana nan daram.