Gona, Gida da Majami'a: Waiwaye Kan Katolikan Karkarar Karaye da Rogo

Da zarar an ambaci Kiristocin Kano, sai hankali ya tafi Sabon Gari. Ba kowa ya san cewa a yammacin jihar, a ƙasar Karaye da Rogo, can wajen iyaka da Katsina da Kaduna, akwai gidajen Hausawa gaba da baya waɗanda Kiristoci ne ba, wasunsu kuma 'yan ɗarikar Katolika. Jikokin Maguzawa ne, manoman dawa da masara da rake. Wanda ya bi tarihinsu zai tarar cewa mabiyan da ba su riƙe da muƙamin komai, maza da mata, su ne suka ɗauki nauyin wannan addini a kafaɗarsu tun farko.

Limaman SMA, ƙungiyar 'yan mishan ta Katolika, sun kafa tasharsu ta farko a arewacin kogin Binuwai a Shendam cikin 1907. Ƙasar Kano kuwa ta daɗe a rufe gare su, domin Turawan mulki sun hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu suka cika Sabon Gari, coci ta biyo su. Sistocin St Louis sun iso a 1948 suka kama aikin makaranta. Duk wannan a birni aka yi shi. Bamagujen karkara yana can cikin gandun ubansa, yana yanka wa iskoki kaza da akuya, kamar yadda Joseph Greenberg, wani masani daga Amurka, ya tarar da su a ƙarshen shekarun 1930.

Bayan samun 'yancin kai abubuwa suka sauya da sauri. Makaranta ta shigo, titi ya shigo, Sardauna ya yi rangadin musuluntarwa, Maguzawa da yawa suka karɓi Musulunci. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun kwashe 'yan kudu daga majami'un birni, abin da ya sa limamai suka ƙara juya fuska ga ƙauyuka. A daidai wannan zamani ne kuma babban taron Vatikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya fitar da takardar Lumen Gentium a 1964. Babinta na biyar ya tabbatar da cewa kiran zaman tsarki ya hau kan duk wanda aka yi wa baftisma, mai aure ne ko manomi ko ɗan ƙwadago, ba Fada da Sista kaɗai ba.

A Turai an ɗauki wannan a matsayin sabon salo. A karkarar Kano larura ta riga ta koyar da shi. Fada ɗaya ne ga ƙauyuka barkatai, kuma da damina hanya kan yanke, a yi makonni ba a ga Misa ba. Katikis ne ke nan kullum. Shi ma manomi ne, da garmarsa da iyalinsa. Shi zai tara mutane ran Lahadi a ɗakin jinka, ya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya koyar da katikizim, ya shirya masu neman baftisma, ya yi wa mamaci addu'a a bakin kabari. Cibiyar horar da katikis da limaman Dominikan suka kafa a Malumfashi, nan kusa a ƙasar Katsina, ta yi wa ƙasar Hausa babban aiki ta wannan fanni. Sau da yawa wajen katikis ɗan ƙauye ya fara sanin baƙi da wasali.

To, me ake nufi da tsarki a irin wannan wuri? Jarrabawarsa a gida take. Matar Bamaguje an san ta da noman gayaunarta da dafa burkutu, kuma da kuɗin giyar take rufa wa kanta asiri. Ranar da ta ga abin da buguwa ke yi wa mazan gidan ta kife tukunyar, ta koma sayar da ƙosai ko ƙuli, ta yi asarar da ita kaɗai ta san nauyinta. Mai mata biyu ko uku da ya nemi baftisma ya tarar da dokar mace ɗaya, kuma a nan an sha hawaye, wasu dattawa suka yi shekaru suna zuwa coci ba su karɓar jibin Ubangiji. Mafi tsanani shi ne daren da yaro ya kwanta rai a hannun Allah, asibiti na nesa, kaka tana cewa a yanka wa iskan gida abin da aka saba. Uban da ya ƙi, ya durƙusa da rosarinsa, gari ya waye ya ɗora yaron a keke, wannan a ganina ya yi abin da littattafan waliyyai ke faɗa, ko da ba wanda ya rubuta sunansa.

Mata su ne ƙashin bayan lamarin. Zumuntar Mata ta faro ne a majami'un Furotestan na arewa, Katolika suka ga amfaninta suka rungume ta. Mutane sun fi sanin ankonsu da tulun kiɗa da caki da waƙoƙi, amma aikin ya wuce nan. Su ne masu zuwa barka da ta'aziyya, masu haɗa mudun hatsi ga gwauruwa, masu shiga tsakanin miji da mata kafin magana ta kai gaban Fada. Su ne kuma suka nace a sa 'ya'ya mata makaranta.

Akwai kuma zama da dangi. A gida guda za ka samu wa Musulmi, ƙane Kirista, kakansu yana kan al'adar da. Gayya ɗaya suke fita, suna ɗaya suke ci, a kai wa juna tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti. Ba kullum abin ke tafiya lami lafiya ba. Samun filin gina majami'a da malamin addinin Kirista a makarantar gwamnati sun daɗe suna wahala. Wani Musulmi na ganin Bahaushe Kirista kamar bare, wani Kiristan kudu kuma na yi masa kallon zargi saboda harshensa da rigarsa. Riƙe gaskiya a ma'auni, biyan bashi, da ƙin ramuwa a irin wannan matsi ibada ce mai tsada.

Tsarin coci daga baya ya zo ya tarar da su. An ware Kano daga Kaduna a 1991, ta zama cikakkiyar dayosis a 1999 a hannun Bishop Patrick Sheehan, sannan Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008. A 2023 aka kafa dayosis ta Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, wanda ya zama Bahaushe na farko da ya hau kujerar bishop a ɗarikar Katolika.

Yau samari na ta kwarara Kano da Zariya da Abuja neman abin yi, katikis na farko da iyayen Zumunta kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kira nake ga dayosis da 'ya'yan yankin da suka yi karatu: ku je ku zauna da waɗannan dattawa, ku naɗi muryarsu, ku rubuta tarihin kowace majami'ar ƙauye da Hausa tun suna da rai.