Zambar Ashirin (20,000)

Zambar ashirin, wato 20,000, adadi ne cika, wanda a da fataken daular Sakkwato suka riƙa ƙirga keso ɗaya na wuri da shi. Asalinsa 32 ne sau 625, adadi 30 ne kuma ke raba shi ba saura. Malaman hisabi suna sa shi cikin za'idi, domin jimillar masu raba shi, ban da shi kansa, ta kai 29,203, wato ta fi shi yawa. Yana da rubu'i da humusi da sumuni, amma ba shi da sulusi, abin da kan wahalar da mai rabon gado ƙwarai. A Kano, a 1851, wuri 2,500 ke sayen riyal guda, keso riyal takwas ke nan.