Bojole

Bojole *suna, mace.* Da Faransanci ana rubuta ta Beaujolais.

1. Yanki mai tuddai a gabashin Faransa, arewa da birnin Liyon, inda gonakin inabi suka lulluɓe gangaren duwatsu.

2. Jar giyar inabi marar nauyi da ake yi a wannan yanki daga irin inabin da ake kira Gamay. Barasa ce mai sa maye. A shekarar 1395 sarkin Burgundi, Filib, ya hana shuka Gamay a ƙasarsa, sai inabin ya samu gindin zama a kudu, a Bojole.

Launin giyar ja ne mai ratsin shunayya. Baurinta kaɗan ne, ba ta kama harshe kamar goro, tana da ɗan tsami da ƙamshin ceri. Sirrin yana wajen haɗi: ana zuba nonnan inabi a randa ba tare da an matse su ba, 'ya'yan su fara ruɓa daga cikin fatarsu. Akan ɗan sanyaya ta kafin a kawo ta tebur. Mutanen Liyon suna haɗa ta da gasasshiyar kaza, tsiran alade da cuku mai laushi. Nama mai yaji sosai kan danne ɗanɗanonta.

Sabuwar Bojole, mai ƙamshin ayaba, tana fita kasuwa ranar Alhamis ta uku ta watan Nuwamba. Ta fi suna, amma ta gundumomi goma na arewacin yankin, irin su Morgon da Fleurie, ta fi ta inganci nesa ba kusa ba.